Istaj a babban kamfani ko a wurin mai haɗa sola? Ku ba ni shawara

Abba_Karkada
Assalamu alaikum ƴan gida. Ina neman shawarar manyanmu da suka riga mu shiga aiki. Ni ɗan Damagaram ne amma a Maraɗi nake karatu, ɓangaren lantarki a IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a, bana ce shekarata ta ƙarshe kuma dole sai da istaj, wato zaman koyon aiki a kamfani, da rapor kafin a yi sutanans, wato kare rapor ɗin a gaban malamai. Ina so in yi shi a gida saboda masauki da abinci, ba ni da halin zaman Yamai. Duk abokaina matatar mai ta SORAZ da kamfanin lantarki na NIGELEC suka kai takarda, ni ma na kai ina jira, amma akwai wani mai haɗa sola nan cikin gari da ya ce in zo ko gobe in ina so, sai dai wurinsa ƙarami ne, ma'aikatan ba su fi biyar ba. To in jira babban wuri ko in kama wannan? Na biyu kuma an ce mana za a yi forom, kamfanoni za su zo su kafa rumfuna su gana da ɗalibai, ban taɓa zuwa irinsa ba, me ake kaiwa me ake faɗa? Don Allah a taimaka.

Inj_Mamane
Wa alaikumus salam ƙanena. Kama na hannu. Amma kafin ka ce masa to, je ka zauna da shi ka tambaye shi: yana da NIF, wato lambar biyan haraji, da rajistar kasuwanci? zai sa hannu da hatimi a kombansiyon, wato takardar yarjejeniyar istaj ta makarantarku? kuma wa zai kula da kai ya karanta rapor ɗinka? In wurin ba shi da takardu makaranta tana iya ƙin karɓar atestasiyon ɗin, wato shaidar ka yi istaj, ka ga wahalarka ta tafi a banza. In kuwa yana da su, wallahi a wurin mutum biyar tun satin farko za ka taɓa waya da hannunka, ka hau rufi, ka ja kabul, ka ga yadda ake yi wa mai gida lissafin kuɗin aiki. Ni a gini nake, kuma yaran da suka fito daga ƙananan shantiye su nake iya bar wa aiki in tafi.

Hadiza_HSE
Injiniya ina girmama maganarka amma ban yarda da ita duka ba. Akwai abin da ba za a taɓa gani a ƙaramin wuri ba. Matatar SORAZ ɗin nan tun Nuwamba 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma ta tiyo yake zuwa daga Agadem, fiye da kilomita 460. Duk inda ake sarrafa abu mai kama wuta irin wannan ba a fara aiki sai da takardar izini, kuma kafin a buɗe akwatin kuran, wato wutar lantarki, sai an yanke, an sa kwaɗo, an rataya alama, an gwada an tabbatar babu wuta a ciki. Wannan tarbiyyar ce manyan kamfanoni suke nema, kuma suna yana da nauyi a CV, kar mu yaudari kanmu. Ni dai ya ƙara haƙuri kaɗan.

Dan_Birni
Haƙuri har yaushe Hadiza? Ku faɗa wa yaro gaskiya mana, ƙasar nan in ba ka da uwa a gindin murhu takardarka a cikin kwali take kwana. PAC ne kawai, dangi da abokai da wanda aka sani. Ni na kai dosiye wani kamfani, mai gadi ma bai bar ni na wuce ƙofa ba, ya karɓa ya ce za a kira, har na gama karatu ba a kira ba, amma wani ɗan ajinmu da kawunsa yake ciki ko takarda bai rubuta ba ya fara.

Mushe_Laouali
Dan_Birni abin da ka faɗa yana faruwa, ba mai musu. Amma ni da nake koyarwa ina ganin ɗaya ɓangaren. Da yawa cikin yaranmu sai ana saura sati biyu a fita istaj suke kai takarda, lokacin an riga an cika gurabe. Babban kamfani yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a lokaci guda, saboda kowane ɗalibi sai an ba shi mai kula da shi da kayan kariya, ga ɗaliban Damagaram, ga na Maraɗi, ga na makarantun ma'adinai, EMIG daga Yamai da EMAIR daga Agadas, ga ƴaƴanmu da ke karatu a waje suna dawowa hutu, kowa wuri ɗaya ya nufa. Wanda ya kai tun wata uku ko huɗu kafin lokaci ya fi kusa da samu.

Kuma a kai dosiye cikakke: takardar roƙo zuwa ga darakta, wasiƙar makaranta, CV, kwafin katin ɗalibi da na sakamakon jarrabawa. A rubuta ranar farawa da ranar gamawa, a rubuta sashen da ake so, kar a ce kawai ina neman istaj. A kai ofishin da ake karɓar wasiƙu, ba hannun mai gadi ba, a nemi su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, da wannan kwafin za ka koma bibiya. Abba, kai ka karɓi wannan shaidar?

Abba_Karkada
Na karɓa Malam, duka biyun an buga min hatimi.

Mushe_Laouali
Madalla. To ka koma da ita cikin ladabi ka tambayi inda takardar ta kai. Ka kuma sa wa kanka rana, in ta zo ba amsa ka tafi wurin mai sola, kar ka bari lokacin sutanans ya cim maka ba ka da komai a hannu.

Zara_Idrolik
Ni abin da ke ba ni mamaki kowa fetur fetur, kamar ba wani aikin injiniya a Damagaram. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwanmu daga nesa ake jawo shi, Gogo da Machaya, Aroungouza, Ganaram, kuma duk wannan ruwan famfuna ne masu aiki da kuran suke turo shi. Akwai SPEN mai kula da gine-ginen ruwa, akwai NDE da ta karɓi rabon ruwa daga tsohon kamfanin SEEN a 2024, akwai ofishin ma'aikatar ruwa na jiha, ga masu kwangilar foraj, wato rijiyar burtsatse, da shato, wato tankin ruwa na sama, a ƙauyuka. Ɗan lantarki yana da wurin zama a duk waɗannan. Abba in mutumin naka yana haɗa famfon sola a foraj to ka samu batun rapor a kyauta.

Bari in nuna maka yadda lissafin yake. A ce ƙauye yana son ruwa kib 20 a rana, kowane kib lita 1,000 ne, tsayin da za a tura shi mita 60. Ka ninka 20 da 60 da 2.725, wato wat-awan da ake buƙata don ɗaga kib ɗaya mita ɗaya, zai ba ka wat-awa 3,270, ƙarfin da ruwan kansa yake buƙata kenan. In famfo da injinsa suna ba da rabin abin da suka ci, kana buƙatar kusan 6,540. Ka raba da awa 5 da rabi na rana mai ƙarfi, ka samu wajen wat 1,200. Sai ka ƙara wani abu saboda zafi da ƙura, don panno, wato allon sola, yana rage ƙarfi in ya yi zafi, kuma lokacin hunturu hazo yana rufe shi, sai ka tashi wajen wat 1,500, panno 5 masu wat 300 kenan. In ka yi wannan a takarda, ka je ka haɗa, ka dawo ka auna abin da ke fita a shato ka kwatanta da lissafinka, wane malami ne zai raina wannan rapor ɗin?

Issoufou_Foraj
Ƴar'uwa lissafinki daidai ne, amma a gaya masa mita 60 ɗin nan ba zurfin rijiya ba ne. Inda ruwa yake sauka lokacin da famfo ke ja, a haɗa da tsayin shato, a haɗa da abin da tiyo yake ci a hanya. Sannan kafin komai a duba takardar gwajin foraj ɗin, kib nawa yake bayarwa a awa. Kib 20 a cikin awa 6 ya haura kib 3 a awa, kuma a yankin dutse akwai foraj da yawa da ba sa ba da haka. In ka sa famfon da ya fi ƙarfin rijiya zai sha iska ya ƙone. Na sha zuwa gyaran irin wannan.

Zara_Idrolik
Haka ne yaya Issoufou, wannan ma babi guda ne a rapor ɗin.

Moussa_TGP
Ku yi haƙuri amma kun kauce. Yaro ya tambayi inda zai fi samun aiki bayan diplom. Tiyon da ya tashi daga Agadem zuwa tashar Seme a Benin kusan kilomita 2,000 ne, tun 2024 ake fitar da mai ta cikinsa, akwai tashoshin turawa a hanya kuma duk suna buƙatar masu lantarki da masu kula da na'urori. Nan gaba take. Sola kowa yana haɗawa yanzu, har wanda bai shiga aji ba.

Inj_Mamane
Moussa, haka aka riƙa faɗa a kan yuraniyom shekara da shekaru, sai ga mahaƙar COMINAK ta rufe a Maris 2021. Ba ina kushe fetur ba ne, Allah ya ƙara albarka a ciki, amma matatar da tiyon mutum nawa za su ɗauka cikin waɗanda ke fitowa kowace shekara? Kuma da ka ce kowa yana haɗa sola, shi ya sa ake neman wanda ya iya lissafinta, don gidaje nawa ne batir ɗinsu ya mutu cikin shekara guda saboda an haɗa da ka.

Hajiya_RH
Sannunku. Ni aikina ɗaukar ma'aikata ne, bari in amsa tambayarsa ta biyu tunda an bar ta a baya, in kuma taɓa ta farkon.

Ɗana, kafin ranar forom ka nemi sunayen kamfanonin da za su zo, ka zaɓi huɗu ko biyar da suka shafi karatunka, ka san me kowanne yake yi da inda yake aiki. Ba abin da ke kashe min jiki kamar yaro ya tsaya gaban rumfa ya ce Hajiya ku me kuke yi a nan. CV shafi ɗaya ya isa ɗalibi. Ka buga kwafi goma ko fiye ka sa a cikin shemiz don kar su lanƙwashe, ka kuma ajiye PDF a waya don wani zai ce turo min ta WhatsApp. Lambar da ka rubuta ta zama wadda take kunne kullum, adireshin imel kuma ya zama sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suke kiranka ba. Ka je da safe, kafin rana ta yi mutanen rumfa sun gaji.

In ka isa ka yi sallama, ka faɗi sunanka da abin da kake karanta da abin da kake nema da lokacin da kake so, cikin rabin minti. Ka gwada faɗarsa a gida da Faransanci har ya zauna a bakinka. Sannan ka yi tambaya guda mai ma'ana, misali wane sashe ne yake karɓar ɗalibai, yaushe ake kai takarda, wa ake rubuta wa. Ka rubuta sunan wanda kuka yi magana da shi a ɗan littafi, bayan kwana biyu ko uku ka aika masa gajeren saƙo na godiya tare da CV. Ƙalilan ne suke yin wannan, su kuma muke tunawa.

Game da babban wuri da ƙarami, ni in na ga sunan babban kamfani a CV ina tsayawa in duba, Hadiza ta yi gaskiya. Amma tambayar da ke biyo baya ita ce me ka yi a can. In amsar ita ce na zagaya sassa na ga yadda ake aiki, to sunan bai ƙara masa komai ba.

Dan_Birni
Hajiya da girmanki, amma CV ɗin da ake tarawa a forom ina suke zuwa? Ni ban taɓa jin wanda aka ɗauka aiki ta nan ba.

Hajiya_RH
Ba a ɗaukar mutum a gaban rumfa ɗana, ba don haka ake yinsa ba. Amma in gurbi ya buɗe ko shef ɗin sashe ya ce a samo masa ɗalibai biyu, waɗanda na yi wa alama a bayan takardarsu nake fara kira. Wanda ya ajiye ya wuce bai ce komai ba, gaskiya ba na iya tuna shi.

Nafissa_GC
Ni ta forom na samu istaj ɗina na farko, wani ofishin nazarin gine-gine ne. Na nuna musu zanen da na yi da AutoCAD a wayata, mutumin ya ce in zo. Abba in kana da hoton wani abu da ka haɗa a TP, wato darasin aikin hannu, ko ƙaramin akwatin kunna moto ne, ka tafi da shi.

Sani_Zango
Tambaya a kan kaya, dole sai an sa kwat? Ni ba ni da ita kuma ga zafin nan.

Hajiya_RH
Ba dole ba ne. Riga da wando masu tsabta a goge, ko kaftani mai kyau, da takalmi rufaffe. Silifas ne kawai ba na so in gani.

Moussa_TGP
Ni dai na ce in wurin Shinuwa ko Turawa za ka, ka sa shat da wando. Kuma ku koyi Ingilishi ko kaɗan ne, takardun injuna da yawa da shi suke zuwa, ga Kano kusa da mu ba mu da uzuri.

Inj_Mamane
A kan maganar antiretiyen, wato ganawar ɗaukar aiki, ni ga yadda nake yi. Ba na tambayar abu mai wuya. Ɗan gini sai in ce masa kankare mai kilo 350 a kib, buhun siminti nawa ne? Buhu 7 ne masu kilo 50, da yashi wajen lita 400 da tsakuwa wajen lita 800. Kwana nawa ake jira kafin a fasa samfur a san ƙarfinsa? 28. Wallahi akwai masu lisans da suke tsayawa a nan, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, don ba su taɓa tsayawa kusa da injin kwaɓa ba. Abokin aikina na lantarki shi kuma yakan miƙa wa yaro miltimetir ya ce auna min wannan firis ɗin, wato ramin jona wuta, yana kallon inda zai juya maɓallin da yadda zai riƙe wayoyin. Sai ya tambaye shi me ya haɗa bolt 220 da bolt 380, yana so ya ji an ce ninkawa ake da 1.73. Sai kuma don me ake tada babban moton lantarki da haɗin waya na etuwal kafin a mayar da shi haɗin tiriyangil, amsar ita ce don a rage kuran ɗin tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, tunda in aka tada shi kai tsaye yana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in yana tafiya.

In ba ka san abu ba ka ce ban sani ba, amma ga inda zan duba. Wanda ya ƙirƙiro amsa ina jin tsoronsa, don a shantiye haka zai yi ya rufe kuskure da kankare.

Rabi_Elek
Ina so in kawo wani abu da ba a taɓo ba, mu mata wahalarmu biyu ce. Na samu wuri a wani shantiye da ke wajen gari, babana ya ce ba zan kwana a daji cikin maza ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na koma wani wuri a cikin gari, can kuma shef ɗin ya zaunar da ni a biro ina buga takardu, duk lokacin da za a fita aiki sai ya ce rana za ta dame ni. Ni ban shiga wannan karatun don in zauna a inuwa ba.

Hadiza_HSE
Rabi na san wannan ciwon. Abin da ya taimake ni shi ne tun ranar farko na zo da takalmin kariya nawa da kask da jile, na nuna wa mai kula da ni takardar batun da makaranta ta ba ni na ce ba zan iya rubuta shi ba sai na fita fili. In an rubuta abin da za ki yi a cikin kombansiyon kina da abin riƙewa. Game da iyaye kuma, ki sa malaminki ko wata babba da take aikin ta je ta yi musu bayani, suna jin maganar manya fiye da tamu. Kuma duk wadda wani ya fara yi mata maganar da ba ta aiki ba, ta gaya wa malamin da ke bin istaj ɗinta tun da wuri, kar ta yi shiru don tsoron rasa atestasiyon.

Mushe_Laouali
Wannan gaskiya ne, ku riƙa gaya mana. Muna iya canza wa ɗaliba wuri.

Abba_Karkada
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na je wurin mutumin kamar yadda Injiniya ya ce. Yana da NIF da rajista, ya ce zai sa hannu, kuma yawancin aikinsa famfunan foraj ne a wajen Mirriya da Magariya, har ya nuna min hotuna. Matsala ɗaya, shi BTS gare shi, wato diplom ɗin tekinisiyan, ba injiniya a wurin. Kuma ya ce ba zai biya ni ba, sai dai abinci da kuɗin kabu-kabu in an fita aiki.

Sani_Zango
Ai ka ma samu. Mu ko ruwan leda ba a ba mu ba, kuɗin moto daga aljihun tsohuwa ya riƙa fita.

Mushe_Laouali
Maganar BTS ka tambayi shugaban sashenku kafin ka fara, kowace makaranta da ƙa'idarta. Sau da yawa in mutum ya daɗe a aikin ana karɓa, malamin makaranta sai ya riƙe ɓangaren lissafi. Ka samu amsar a rubuce ko a gaban shaida.

Hadiza_HSE
To in can za ka, don Allah ka kula da kanka, ƙananan wurare ba su cika damuwa da kariya ba. Panno in an jera su da yawa a layi ɗaya suna ba da ɗaruruwan bolt muddin rana tana dukansu, ba maɓallin da zai kashe rana. Kar ka cire fish ɗin panno famfo yana aiki, ka fara yankewa. Kar ka hau shato ba igiya ko da ka ga su suna hawa. Har yanzu dai ina ganin in kira ya zo daga babban wuri kafin ka sa hannu ka tafi can.

Issoufou_Foraj
In kuma ka riga ka sa hannu ka fara, kar ka gudu ka bar mutumin a tsakiyar aiki. Garin nan ƙarami ne, masu wannan sana'ar duk mun san juna.

Dan_Birni
Ni tambayata bayan istaj ɗin sai me? Mu da muka gama muna nan muna zaune a fada.

Hajiya_RH
Ka yi katin ANPE, hukumar samar da aikin yi, in ba ka yi ba, suna da ofishi a nan Damagaram, kuma sanarwar aiki da yawa tana neman kwafinsa a cikin dosiye. Akwai kuma sabis sibik, wato bautar ƙasa, na shekara 2, wasu suna raina shi amma in aka tura ka ma'aikatar da ta dace da karatunka ƙwarewa ce da za ka rubuta. Sannan ku yi hattara da sanarwar da ke yawo a WhatsApp da tambarin manyan kamfanoni ana cewa a tura jika 10 ko 20 kuɗin dosiye ta waya. Ƴan damfara ne. In kun ga sanarwa ku je ofishin da kanku ko ku duba a ANPE.

Nafissa_GC
Wallahi an cuci wata ƙawata da irin wannan, har ranar antiretiyen suka ba ta.

Inj_Mamane
Abba abu ɗaya da nake so ka yi ko ina ka je: sayi kaye, kullum da yamma ka rubuta abin da aka yi. Wane ƙauye, zurfin ruwa nawa, wane famfo, panno nawa kuma yaya aka jera su, kaurin kabul, bolt nawa ka auna da ƙarfe 9 da kuma tsakar rana, minti nawa shato ya ɗauka ya cika, me ya lalace kuma yaya aka gano. Ka ɗauki hoto in an ba ka izini, a manyan wurare akan hana ɗaukar hoto kuma in an hana ka bari. Ranar da ka zauna rubuta rapor komai yana nan, ranar antiretiyen kuma in Hajiya ta ce me ka yi, kana da lambobi a bakinka.

Moussa_TGP
Ni har yanzu ban gamsu ba. Shekara biyar nan gaba wanda ya shiga babban kamfani yana da albashi da CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, mai sola yana bin ƴan kwangila bashi.

Zara_Idrolik
Istaj ake magana Moussa, wata biyu ko uku ne, ba ɗaukar aiki ba. Ba abin da zai hana shi neman babban wurin bayan diplom, kuma a forom ɗin ma zai gan su.

Ousseini_Topo
Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni topo, wato awon ƙasa, nake karanta a nan jami'ar André Salifou, namu istaj ɗin yana faɗowa cikin damina kuma an ce min ayyukan hanya suna raguwa lokacin. Ina ya kamata in kai takarda?

Inj_Mamane
Ka gwada ofisoshin masu awon filaye da sashen filaye na mairi da ofishin kadastar, su ba sa tsayawa don ruwa, in ba a fita ba akwai aikin zane. Ka iya manhajojin zanen taswira Covadis ko QGIS? In ka iya ka rubuta a saman CV, ka kuma faɗi irin na'urar awon da ka taɓa riƙewa. Turo min CV ɗin ta akwatin saƙo in duba maka kafin ka buga.

Rabi_Elek
Abba in mutumin naka zai karɓi mutum biyu ka tambayar min, indai ana dawowa gida a kwana.

Abba_Karkada
To yaya Rabi, zan tambaye shi ranar Alhamis in sha Allahu. Malam Laouali, na rubuta wa shugaban sashenmu a kan maganar BTS ɗin, ina jiran amsarsa.